Kafin Bakin Yaro Ya Buɗe: Sharhi Kan Yadda Magana Ke Zuwa

A gidajenmu da abin da ido ke gani ake lissafin girman jariri. Wuyansa ya yi ƙwari, ya fara zama, ya fara rarrafe, haƙori ya tsiro, ya kama bango ya miƙe, ana yi masa tata har ya saki hannu. Kowanne cikin waɗannan yana da ranarsa, har uwa takan iya cewa ranar kasuwa kaza aka yi. Da aka zo kan magana sai muka ɗauka ita ma haka take, muna jiran wata safiya da za a ce bakin wane ya buɗe. Shi ya sa tambayar da dangi ke yi ba ta wuce ɗaya: ya fara magana kuwa? Idan an ce a'a, sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce a ƙyale shi, lokaci ne, ubansa ma haka ya yi. Wasu su fara lissafin wanzami da malami da wanda ake zargi da baki.

Ni dai a ganina ita kanta tambayar ce ta zo a makare. Ranar da yaro ya furta kalmarsa ta fari, ya riga ya shekara guda cur yana kan aikin. Magana 'yar'uwar gyaɗa ce, a ƙarƙashin ƙasa take yin 'ya'ya, wanda ya tsaya kallon ganye bai san abin da ake ciki ba. Wanda ya san abin da ke gudana a wannan shekara ta farko zai huta da fargabar da ba ta da dalili, kuma zai gane matsala tun ba ta yi nisa ba.

Daga kunne abin ke farawa, tun ɗa na ciki. A watanni ukun ƙarshe na goyon ciki ɗan tayi yana jin muryar uwarsa da hawa da saukar zancenta. A 1980 wasu masu bincike a Amurka, DeCasper da Fifer, sun gwada jarirai 'yan ƙasa da kwana uku da wata roba da aka haɗa da na'ura: salon tsotson da jariri ya yi shi ke zaɓar muryar da za a kunna masa, ta uwarsa ko ta wata mace. Jariran suka riƙa tsotso irin wanda ke kawo muryar uwa. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne wanda Janet Werker da Richard Tees suka nuna a Kanada a 1984. Jariran gidajen da Ingilishi kaɗai ake yi, suna 'yan wata shida zuwa takwas, suna rarrabe wasu sautukan harshen Hindi waɗanda iyayensu ba sa jin bambancinsu. Kafin su cika wata goma sha biyu wannan baiwa ta dushe, kunnen ya tsaya kan sautukan da yake ji a gida. Ke nan jaririn da ke bayan uwarsa a Kano ko Damagaram, tun bai ce uffan ba, yana can yana ware “k” da “ƙ”, “d” da “ɗ”, “b” da “ɓ”, abin da baƙo zai shekara goma a cikinmu yana ce wa ƙaya kaya.

Murya na biye. Wajen wata biyu jariri yana murmushi ga wanda ya leƙo fuskarsa, yana ɗan gurnani mai daɗi, “aaa”, “uuu”. Wata huɗu yana ƙyalƙyala dariya, kuma idan ka yi masa magana ka yi shiru sai ya amsa da nasa sautin. Tsakanin wata shida da goma sai gwalantu ya kankama, leɓe da harshe su shigo aiki: ba-ba-ba, ma-ma-ma, da-da-da. A nan uba kan yi ta washe baki wai an kira shi. Ba a kira shi ba tukuna, waɗannan su ne gaɓoɓin da suka fi sauƙi a bakin ɗan Adam, kuma manya ne suka yi wayo suka ɗauke su suka mayar sunayensu. Duba dai waɗanda ke kewaye da jariri: Baba, Mama, Dada, Nana, Inna, Kaka, Yaya.

Akwai abu ɗaya game da wannan mataki da ya kamata kowace uwa ta riƙe. Jaririn da ba ya ji ko kaɗan shi ma yana kuka, yana dariya, yana gurnani a watanninsa na farko. Don haka hayaniyarsa ba shaida ba ce ta cewa kunnensa lafiya lau. Inda bambancin ke fitowa shi ne a gwalantun nan mai maimaita gaɓa: mai ji yakan fara shi kafin ya wuce wata goma, wanda ba ya ji kuwa yakan makara sosai, ko ma sautin nasa ya riƙa raguwa. Jaririn da ya doshi shekara ba a taɓa jin ba-ba ko da-da a bakinsa ba, ba a cewa yaro ne mai haƙuri, kunnensa ake dubawa.

Sai kuma yatsa, wanda a wurina ya fi kalmar fari muhimmanci, amma ba wanda ke yi masa murna. Daga wata tara zuwa ɗan bayan shekara yaro yana ɗaga hannuwa a ɗauke shi, yana tafi, yana ɗaga hannu ga mai tafiya, yana girgiza kai, sannan ya fara nuni. Nunin iri biyu ne. Akwai na buƙata: ya nuna randa yana ƙorafi, ruwa yake so. Akwai kuma wanda ba ya neman komai. Akuya ta shigo tsakar gida tana cin dussa, yaron ya tsaya cak, ya miƙa yatsa gare ta, ya waiwayo ya dubi idon uwarsa, ya sake komawa ga akuyar, ya sake waiwayowa. Ba ya so a ba shi akuyar. So yake ya tabbata uwar ta ga abin da ya gani. Idan ta ce, “Iye, akuya ce, ta zo satar dussa,” to an yi hira cikakkiya, an kuma ba shi kalma a daidai lokacin da hankalinsa ke kan abin. Yaron da ke wannan nuni, yana bin yatsan wani da ido idan an nuna masa abu, yana kawo abin wasansa a gani, ya riga ya kama hanya ko da bakin bai ce komai ba.

A wannan tsakanin ne kuma yake waiwayowa idan an kira sunansa, kuma a nan akwai wani tarko da ya shafe mu. Sunan da aka raɗa ranar suna sau da yawa ba shi ake kira a gida ba. Wanda ya ci sunan kakansa ya zama Abba ko Baffa, wadda ta ci sunan kaka ta zama Ummi, ɗan fari kuwa uwarsa ba ta kama sunansa ko kusa. Ma'aikaciyar asibiti ta duba kati ta kira Muhammadu sau uku yaro bai motsa ba, alhali bai taɓa sanin shi ne Muhammadu ba. Duk mai gwada yaro ya fara tambayar da wane suna ake kiransa a ɗaki.

Kalmar fari takan zo wajen cikar shekara, wani kafin nan da kaɗan, wani sai bayan wata biyu ko uku. Ba sai ta fito daidai ba kafin a ƙirga ta. Idan kullum yana son ruwa “uwa” yake cewa, kalma ce. “Mee” ga akuya kalma ce, haka “oyoyo”, haka “tutu”. Kuma kalma ɗaya kan ɗauki kaya da yawa: duk namiji mai hula Baba ne, har da mai sayar da gawayi, duk mai ƙafa huɗu “mee” ne, har jaki. A wannan lokacin abin da yake ganewa ya ninka abin da yake faɗa nesa ba kusa ba. Mu kuwa muna da ma'aunin ganewa da ya fi na kowace takarda, wato aike. “Kawo min buta.” “Kai wa Kaka.” “Ina takalminka?” Ɗan shekara ɗaya da rabi ya kamata ya cika irin wannan umarni guda ba tare da an nuna masa da hannu ba. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne gwajin, domin yaro mai wayo wanda kunnensa ke da nauyi yakan bi hannu da idon mai aike ya yi abin da ake so, har a shekara biyu ba a gane ba.

To kalma nawa a wane wata? A 2022 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, tare da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar, ta sabunta jadawalinta. A wata 15 yaro yana ƙoƙarin faɗin kalma ɗaya ko biyu ban da sunan uwa da uba, a wata 18 uku ko fiye, a wata 24 yana haɗa kalma biyu, a wata 30 yana da kalmomi wajen 50, a shekara uku kuma baƙo na gane yawancin abin da yake faɗa. Sai dai a lura da yadda aka tsara shi: an sa kowane abu ne a shekarun da aƙalla yara 75 cikin 100 suka riga suka yi shi. Wato ba tsakiyar aji ba ne, kusa da ƙarshen layi ne. Matsakaicin ɗan shekara biyu a ƙirgen da aka yi a can yakan kai kalma 200 zuwa 300, wani ya haura 500, wani bai cika 50 ba, kuma masu aikin gyaran magana da dama sun yi ƙorafin cewa jinkirta kalma 50 har wata 30 sassauci ne da zai sa iyaye su yi sake. Ina tare da su. Tsohon ma'aunin da suka daɗe suna aiki da shi ya fi tsaro: ɗan shekara biyu da bai kai kalma 50 ba, ko bai fara haɗa biyu ba, a sa masa ido. Ba an ce yana da cuta ba, an ce a duba.

Haɗa kalma biyu babban tsalle ne. “Baba tafi.” “Umma zo.” “Ba ruwa.” “Ƙara shayi.” Yaro yana zubar da ƙananan kalmomin nan, su “ya” da “ta” da “na”, ya riƙe masu nauyi, kuma ba ya juya jerin. Daga nan zuwa shekara uku abin sai ya ɓalle. Wakilin suna ne ke ba shi wuya. Kullum uwa tana ce wa 'yarta “In goya ki?”, sai ranar nan ta zo ta kama zanin uwar tana cewa “Goya ki, goya ki,” ita a nufinta sunan abin ke nan. Sai ta ce wa kawunta “ki zo”, ta ce wa goggonta “ka ba ni”, gida ya ɗauki dariya. Jam'i ma haka. Hausa na da hanyoyin jam'i barkatai, yaro kuwa ya kama wadda ya fi ji, ta motoci da tagogi, sai ya shafa wa kowa, ya ce akuyoyi inda kakarsa ke cewa awaki. Irin wannan kuskure abin murna ne. Yana nuna ba haddar aku yake yi ba, ya gano doka da kansa yana gwada iyakarta. Tun 1958 Jean Berko ta nuna haka, da ta ƙirƙiri sunayen da babu su a Ingilishi ta ga yara ƙanana suna yi musu jam'i bisa ƙa'ida. Sannan sai zamanin “mene ne wannan?” da “me ya sa?”, wanda ke ƙure haƙurin kowa.

Tsamin baki ba ya cikin abin damuwa a waɗannan shekaru. Shayi ya zama cayi, rago ya zama lago ko yago, tsuntsu ya zama tuntu. Sautukan “r” da “ts” da “ƙ” suna buƙatar harshe ya ƙware, wasu yaran sai sun kai shekara biyar ko shida. Abin lura shi ne ko da baƙaƙen sun karkace, karin kalmar da tsawon wasalinta sukan fito daidai, shi ya sa 'yan gida ke gane shi sarai yayin da baƙo ke neman tafinta. In'ina ma takan leƙo tsakanin shekara biyu da biyar, a wajen yaro biyar cikin ɗari, lokacin da tunani ya fi baki sauri, kuma mafi yawansu takan wuce da kanta. Abin da ke ƙara mata nauyi shi ne tsawa, da kwaikwayon da yayye ke yi, da buge baki, da ƙarasa masa zance. A saurare shi har ya kai aya. Idan ta haura wata shida, ko yaro ya fara runtse ido yana kokawa da kalma, ko ya fara gudun magana, a nemi ƙwararre.

Yanzu ga inda masana suka yi saɓani, kuma saɓanin ya taɓa mu kai tsaye. A 1995 Betty Hart da Todd Risley sun fitar da sakamakon bibiyar iyalai 42 a Kansas ta Amurka, suka ƙiyasta cewa kafin shekara huɗu ɗan masu hali ya ji kalmomi miliyan 30 fiye da ɗan talaka. Daga nan aka yi ta yayata cewa dole uwa ta zauna fuska da fuska tana yi wa jariri surutu. Wanda ya auna mu da wannan ma'auni zai ce mun faɗi. Robert LeVine da matarsa Sarah, da suka yi bincike a ƙasar Hausa a ƙarshen shekarun 1960, sun ga uwaye matasa na shayar da 'ya'yansu suna kawar da kai, ba wasa ba hira, saboda kunya. Amma sun kuma ga jariran nan ba a ajiye suke ba, daga wannan hannu sai wancan, sun shaƙu da mutum uku ko huɗu, kuma sun tashi lafiya lau. A 2020 Marisa Casillas da abokan aikinta suka ba da rahoton abin da suka naɗa a ƙauyen Mayawan Tseltal a kudancin Meziko: ba a cika yi wa jarirai magana kai tsaye ba, amma suna cikin zancen jama'a dare da rana, kuma gwalantunsu da kalmar fari da haɗa kalmomi duk sun zo a kan lokaci.

Abin da na fahimta daga nan shi ne yaro na buƙatar mutanen da za su amsa masa, ba lallai uwa kaɗai ba. A gidan yawa an raba aikin. Yayye mata suna goyo suna waƙa, matan gida na tsokana, ga kuma kaka, wadda al'ada ta ba ta lasisin da ta hana uwa. Ka ji ta da jikanta ɗan wata goma a cinya: “Maigida, yau ina cefane? Haka za ka bar ni da yunwa?” Yaro ya ce, “Ba-ba-ba.” Ta ce, “Au, babu? To wallahi na fasa auren, gidanmu zan tafi.” Ya bushe da dariya ya kama mata hanci. Ta yi magana, ta saurara, ya amsa, ta ɗauki amsarsa ta ba ta ma'ana ta mayar masa. Duk abin da masana ke kira musayar zance, wanda bincike ya nuna ya fi yawan kalmomin da ke wucewa ta kan yaro amfani, ga shi nan a wasan jika da kaka.

Damuwata ita ce gidan yawan yana watsewa, kunyar kuma ta zauna. Amarya na ɗaki biyu da falo a bayan gari, miji ya fita tun asuba, ƙofa a kulle, kaka na can wata jiha. Babu yayye, babu matan gida. Idan uwar ta riƙe kawaicin da ta gada, wa zai yi wa ɗan fari hirar cefane? Abin da ya shigo ya cike gurbin shi ne waya. A 2003 Patricia Kuhl a Amurka ta sa jarirai 'yan wata tara zama goma sha biyu da masu jin Sinanci suna yi musu wasa da karatu, wasu jariran kuma aka nuna musu mutanen nan a talabijin suna yin abu ɗaya. Na farkon sun koyi rarrabe sautukan Sinanci, na talabijin ba su tsinci komai ba. Allo ba ya jira yaro ya amsa, ba ya bin yatsansa ya ga me ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Na san uwar da ke girki ita kaɗai ba mugunta ce ta sa ta miƙa wayar ba. Amma goyo a baya tana faɗa masa ga albasa, ga tattasai, wuta zafi, ya fi masa zanen da ke tsalle da Turanci. Uba ma ba a ɗauke masa ba.

Batun harshe biyu ba ya buƙatar dogon zance. Yaron Zangon Kumasi na tashi da Hausa da Twi, na Yamai da Hausa da Zabarmanci, na Maiduguri da Kanuri, na Yola da Fulatanci, kuma ba a taɓa jin garin da yaransa suka kasa magana saboda haka ba. Harshe biyu ba ya jawo jinkiri. Idan za a ƙirga kalmominsa a haɗa na duka harsunan, kuma gauraya su da yake yi a jimla ɗaya ba ruɗewa ba ce, manyan gidan ma haka suke yi. Abin da ke cutarwa shi ne shawarar da wasu makarantun kuɗi ke ba iyaye, wai a daina yi wa yaro Hausa don Turancinsa ya fito. Uwar da ke da tatsuniya da zaurance da barkwanci a Hausa sai ta koma “kam”, “sit dawun”, “sitof”. An rufe masa rijiya an ba shi kofi.

Mene ne to ke hana magana da gaske? Na farko, na biyu da na uku, kunne. Ko a ƙasashe masu arziki ana haifar jariri ɗaya zuwa uku cikin dubu da rashin ji na dindindin, mu kuma muna da ƙarin abubuwan da ke kashe kunne bayan haihuwa: shawarar jarirai mai tsanani da aka tsaya yi wa jiƙo, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, allurai irin su jentamaisin da ake dirka wa yara a kemis ba awo, da kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni ana cusa masa auduga. Ga sanƙarau, wadda a annobar 1996 kaɗai ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, ta bar wasu da yawa da kurumta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin jin yara ana iya kauce masa. A inda aka ci gaba ƙa'idar ita ce a gwada kunnen jariri kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Likita Bolajoko Olusanya ta nuna a Legas cewa ana iya wannan gwaji a wuraren rigakafi na unguwa, da 'yar na'urar hannu, cikin mintuna. A Arewa akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da sassan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa. Gwajin gida na tafa hannu ko buga kwano ba abin dogaro ba ne: yaro na ganin inuwa, yana jin motsin ƙasa, kuma mai ragowar ji yana iya jin ƙarar kwano bai ji baƙaƙen magana ba.

Linzami kuwa, 'yar fatar nan ta ƙarƙashin harshe da ake kai wa wanzami ya yanke, tana iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba ta hana kalmomi zuwa, domin ba a harshe ake ajiye su ba. Yanka ba ya kawo maganar da ba ta zo ba, sai dai ya kawo zubar jini da ƙwayar cuta. Addu'a da tofi kuma ba su taɓa hana kowa zuwa asibiti ba.

Yunwa na taka rawa fiye da yadda muke zato. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma sun haura rabi. Yaron da jikinsa ba ƙarfi ba ya wasa, ba ya nuni, manya ma sai su rage kula shi. A Kingston ta Jamaika, a shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor ta sa ma'aikatan lafiya suna ziyartar gidajen irin waɗannan yara mako-mako har shekara biyu, suna koya wa uwaye wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari.

Akwai kuma galahanga, wadda ke samun kusan yaro ɗaya cikin ɗari. Alamarta ba rashin kalma kaɗai ba ne: yaro ba ya nuni don a gani tare da shi, ba ya waiwayo ga sunansa alhali yana jin buɗe ledar biskit daga ɗaki, ba ya cika haɗa ido, yana maimaita abu ɗaya ba gajiya. Kuma a kowane wata, a kowace shekara, yaron da ya iya wasu kalmomi ko wasa sannan suka ɓace, wannan ba abin jira ba ne ko na mako guda. Bakwaini shi ake yi wa rangwame: har ya shekara biyu ana cire watannin da bai cika a ciki ba kafin a auna shi.

Masu cewa a ƙyale shi zai yi, sau da yawa gaskiyarsu ce. Yawancin yaran da bakinsu ya yi nauyi a shekara biyu, matuƙar suna ji, suna ganewa, suna nuni, sukan kamo sa'o'insu kafin shiga makaranta. Maza ma a jimlace sukan ɗan biyo bayan mata, amma tazarar ba ta kai ta zama uzuri ba. Inda maganar ta karkace shi ne hujjar da ake kafawa da ita. Cewa ubansa ma sai da ya shekara uku ba dalilin kwantar da hankali ba ne, domin matsalar harshe na bin jini, kuma kusan yara bakwai cikin ɗari na tashi da ita har cikin aji, inda ake kiransu daƙiƙai a yi ta bugu. Idan an duba yaro aka ga ba komai, an yi asarar kuɗin mota da yini ɗaya. Idan an jira alhali kunne ne, an yi asarar shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe.

Ko an tabbatar yaro kurma ne, harshe bai kuɓuce masa ba. A 1991 Laura Petitto ta nuna jariran da iyayensu kurame ke yi musu magana da hannu suna yin gwalantu da yatsu a daidai watannin da masu ji ke yi da baki. Maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000, harshe ce mai ƙa'idojinta, kuma akwai makarantun kurame irin ta Tudun Maliki. Abin da ke nakasa kurma shi ne a bar shi shekara shida ba baki ba hannu.

Ke uwa, kai uba, dama kuna kai yaro rigakafin ƙyanda a wata tara da wata goma sha biyar. Kafin ku fita ku tambayi kanku abu huɗu: yana waiwayowa idan an kira shi daga baya, yana gwalantu, yana nuni da yatsa, yana gane ƙaramin aike? Idan ɗaya ya ba ku shakka ku faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a ranar, ku ce a tura ku inda ake gwajin kunne, kada ku bari sai an yaye shi.